Fijon Baba

Mota biyu ke kwana a ƙofar gidanmu na Jekadafari.
Ɗaya bara na saye ta da kuɗin masara,
ɗaya ta girme ni da damina uku.

Tawa fara ce ƙal, akori-kurar zamani,
doguwar ƙafa, ƙirji irin na bijimi.
Buhu ashirin take kwasowa daga Dadin Kowa
ba ta ko yi nishi ba.
In ruwan Agusta ya cinye hanyar gona
maɓalli nake dannawa, ta taka taɓo kamar kwalta.
Ban raina ta ba. Ita ke ɗora tukunya a gidan nan.

Sai dai kujera biyar gare ta, huɗu sanyi ke zama a kai.
Gilashi baƙi wuluk, a rufe ruf.
Na wuce Malam Giɗaɗo a bakin masallaci,
bai san wa zai ɗaga wa hannu ba.

Fijon Baba tana gindin maina, tayoyi sun durƙusa,
kazar Inna ta saka ƙwai tara a mazaunin direba.
Wannan ce fa ta kai mu Kumo mu goma sha ɗaya,
rago a but, ƙwaryar nono a cinyar Goggo Dudu,
ni a matse tsakanin giya da gwiwar Baba.
Duk sa'ad da zai saka ta uku sai ya ce,
"Janye ƙafarka, sarkin tambaya."

Makulli kaɗai bai tashe ta. Sai da jama'a.
Mai shayi ya ajiye ludayi, tela ya bar kekensa,
a tura, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama.
A bayanta na koyi sunan kowa a layinmu.

In ta yi fushi a hanyar Deba
Baba ya naɗe hannun riga, ya hure fulogi,
ya ɗaure abin da ya kwance da guntuwar waya,
ya shayar da ita ruwan buta, ya ce, "Haƙuri, Hajiya."
Tawa, ranar da ta kunna jar fitila,
yaro aka ɗauko mini da kwamfuta,
suka gana da yaren da ba na ji,
ya tafi da kuɗin buhu biyu.

Sau ɗaya Inna ta hau tawa,
sai da aka kifa mata turmi ta taka.
Ta ce, "Raƙumi ka sayo.
Ta mahaifinku durƙuso mini take yi."

Jiya ɗan jari-bola ya zo,
ya ƙwanƙwasa ƙofarta kamar mai zaɓen kankana,
ya yi mata kuɗin kilo.
Na ce bari in kwashe takardu.
A aljihun gaba, ƙarƙashin busasshen goro,
ga littafin Baba, rubutunsa mai jingina:
Fetur, naira shida.
Faci, kwabo hamsin.
Mai ɗaki ta sauka a kujerar baya kafin asibiti. Namiji.
Wankin kujera, naira ɗaya.

Na duba kwanan watan. Na sake dubawa.
Na ce wa mai kilo ya gaida gida.

Yau da sassafe na kwashe ƙwai a hula,
muka ba tayoyi iska, muka ɗaura igiya,
ƙanena Bappa ya kama sitiyari.
Akwai tsohon bakanike a Tashar Dukku
da ya ce in ƙarfe bai ruɓe ba, rai na nan.

Na sauke gilashi. Mai shayi ya fito yana tafi.
A madubi ina ganin ta, tana biyo ni a hankali,
idonta ɗaya a fashe,
igiyar tana miƙewa, tana saki, tana miƙewa.
Har muka wuce shataletale
ban gane wa ke jan wani ba.